Ku Tambaya Mu Amsa: An sa ni cikin kwamitin masu buƙata ta musamman, in ajiye ko in ci gaba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman da abin da ƙananan hukumomi ke yi musu ko suka kasa yi, shi ya sa na bar musu filin gaba ɗaya. Masu tambayar gado da rikicin fili ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye, na cire har sunayen garuruwan da aka kawo ƙorafi a kansu.

TAMBAYA: Salam Malam, ina wuni ya aiki. Ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, tela nike kuma na gama sakandare. Kwanaki ciyaman ɗinmu ya kafa kwamitin ba da shawara kan masu buƙata ta musamman anka sa sunana ciki, amma mu biyu kaɗai ne masu lalurar, sauran duk ma'aikatan sakatariya ne da 'yan siyasa. Munka zauna sau ɗaya anka yi hoto anka ba mu lemo da kuɗin mota, tun ran nan shiru kake ji. Ɗakin taron ma saman bene yake, sai da samari sunka ɗauke ni kamar buhun gero kowa na kallo. Yanzu mutanena sun ɗauka na shiga gwamnati, kullum ana sallama ƙofar gidana. Mi ya kamata in yi, in aje musu abinsu ko in ci gaba? Daga wani tela a jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka ajiye. In ka tashi yau, gobe za a sa ɗan wani a kujerar, mai ƙafa biyu lafiyayye wanda bai taɓa tsayawa gaban matakala yana tunanin yadda zai hau ba, kuma shi ba zai taɓa ƙorafi ba tunda lemo da kuɗin mota sun ishe shi.

Amma fa ka san matsayin da kake. Kwamitin shawara ba ya riƙe da kuɗi, ba ya sa hannu a kwangila, ba ya ɗaukar kowa aiki. Wannan ka fito fili ka faɗa wa masu sallama ƙofar gidanka tun yanzu, don in ka bari suka ci gaba da zaton akwai wani abu a hannunka to nan da 'yan watanni kai za a fara zagi ba ciyaman ba. Ƙarfin irin wannan kwamiti a takarda yake. Duk abin da aka faɗa da baki a sakatariya iska ce, wanda aka rubuta aka buga wa hatimin karɓa aka sa cikin fayil shi ne ake iya tasowa da shi bayan shekara a ce ranka ya daɗe ga abin da muka kawo ran kaza, ina aka kwana. Saboda haka takardarka ta farko ka rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma, cikin ladabi, ka nemi a ba ku ƙa'idar aikin kwamitin a rubuce, sau nawa za ku riƙa zama, wa ke rubuta abin da aka tattauna, kuma shawararku teburin wa take zuwa. A cikin takardar dai ka roƙi a sauko da taron ƙasa, ko ajin firamare ne ko zauren hakimi, wannan ba ya cin ko sisi, kuma daga yadda aka amsa wannan 'yar ƙaramar buƙata za ka gane ko da gaske ake ko hoto aka so. Ka yi kwafi biyu, ɗaya ka bari ɗaya a buga maka hatimi ka koma da ita gida.

Sai maganar su waye a ciki. Ku biyu ba ku isa ba, kuma ko kai ɗin ba ka san damuwar makaho ba balle ta kurma. Ka nemi a ƙara makaho, da kurma tare da mai yi masa tafinta, da wanda kuturta ta taɓa, da zabiya, da mace aƙalla ɗaya don akwai abin da mace gurguwa ke gani a ɗakin awo da ba za ta taɓa faɗa maka ba, da kuma uwa ko uban yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa, su waɗannan kullum su ake mantawa saboda ba su da sarki ba su da ƙungiya mai ƙarfi. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, tana da reshe a jiha, ku neme su su taya ku zaɓen wakilai don kar a ce kai ka ɗebo abokanka.

Abu mafi nauyi kuma shi ne ku san yawanku. In ka shiga ofis ka ce muna da yawa, za a ce Allah sarki. In ka ce a mazaɓa kaza akwai yara kurame kaza da ba sa zuwa makaranta ga sunayen unguwanninsu, to nan magana ta canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa da wata naƙasa mai tsanani, amma wannan lissafin ba zai motsa ma'ajin ƙaramar hukumarku ba, littafin da kuka bi mazaɓa mazaɓa kuka cika da taimakon masu unguwanni da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu shi zai motsa shi. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kaga kenan kowace ƙaramar hukuma mazaɓu goma ne zuwa sha wani abu, ba aikin da ya fi ƙarfinku ba ne. Sai dai ku gaya wa mutane gaskiya cewa ƙidaya ce ba rabon tallafi ba, in ba haka ba har masu lafiya za su zo da sanda.

Kuma dan Allah ku roƙi abin da yake aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa su, akwai kasuwanni, tashoshin mota, ban-ɗakunan jama'a, gidajen gajiyayyu, rajistar haihuwa, ga kuma hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Toh a nan za ku tsaya. Rumfa a bakin kasuwa ga masu sana'a irinka maimakon can ƙurya inda keke ba ya shiga, masai guda ɗaya mai faɗin ƙofa a tasha, malami mai maganar hannu a firamare ɗaya ta cikin gari. Ku ɗauki uku kacal, ku sa mai gini ya yi muku lissafin kuɗinsu, ku miƙa kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa, don abin da bai shiga kasafi ba sai dai a ce muku a yi haƙuri babu kuɗi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, aiwatarwa dai ana ta jan ƙafa, amma abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, ku riƙa dubawa kafin ku shiga taro.

Ni abin da nake tsoro ga irin kwamitinku shi ne ya zama na ranar 3 ga Disamba kawai, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, a tara ku a rana a raba shinkafa da atamfa da kekuna biyar a ɗauki hoto, shikenan sai baɗi. Shinkafar ku karɓa, halal ce. Amma kar ta zama ita ce rahoton shekara.

TAMBAYA: Malam an gyara asibitin sha-ka-tafi na garinmu an yi fenti an sa tayil, har anka yi wata gangara wai ta masu keke. Wallahi ranar da na kai mahaifiyata sai da mu biyu munka tura keken kuma wajen saukowa saura kaɗan ta kife. Shin babu doka kan wanga abu? Daga wani ɗalibi a jihar Zamfara.

AMSA: Akwai doka ƙanena, Allah ya ba Mama lafiya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga kowa, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara tsofaffin, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Har ta ce jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a da babu wannan tanadi a ciki zai iya fuskantar tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyun. Ita ce kuma ta haifar da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da ta fara aiki a 2020.

Abin da ka gani kuwa ya zama ruwan dare. Mai gini ana ce masa a yi gangara, shi kuma ba wanda ya ba shi awo, sai ya zuba siminti a kan matakalar yadda ta tashi ya shafe. Awon da masana gini suka yarda da shi shi ne duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Ka ɗauki abin awo na teloli ka je ka gwada da kanka. In matakala uku ce kowace santimita 15, tsayin ya zama 45, to gangarar na buƙatar mita 5 da santimita 40, in wurin bai kai ba sai a lanƙwasa ta a yi mata wurin hutawa a tsakiya. Ta samu ƙarfen riƙewa gefe da gefe, da ɗan tudu a bakinta don kar taya ta zame, kuma kar a sa mata tayil mai santsi, siminti mai kaushi ya fi, musamman da damina. Ƙofa kuma ta kai santimita 90, don sau da yawa za ka ga an yi gangarar daidai amma keken ya isa ƙofar masai ya tsaya.

Hanyar gyara mafi kusa ba kotu ba ce. Kowace mazaɓa ya kamata tana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitin, ka kai musu awon da hoto, su rubuta wa shugaban sashen lafiya da na sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. In ba a gama biyan ɗan kwangila ba to ka zo a daidai, domin da sauran kuɗinsa a hannun hukuma zai dawo ya fasa ya sake ba gardama. Masu kwamitin shawara irin telan da ke sama, wannan aikinku ne, ku roƙi a riƙa kiran mai keke ya hau da kansa kafin a karɓi kowane gini.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, ƙanwata kurma ce tana da ciki wata bakwai. Duk zuwa awo sai na bar sana'ata na bi ta don ba mai gane maganarta, ran da ban je ba anka rubuta mata magani ta sha ba daidai ba. Mijinta shi ma kurma ne. Ina tsoron ranar haihuwa.

AMSA: 'Yar'uwa tsoronki na kan hanya, Allah ya sauke ta lafiya. Ki fara da abin da ke hannunki. Ki je ki samu babbar ungozomar asibitin tun yanzu ba ranar naƙuda ba, ki nemi a rubuta a saman katinta da manyan baƙaƙe cewa kurma ce, a kuma amince tun yanzu za a bar ki ki shiga ɗakin haihuwa da ita. Ku zauna ku uku ku tsayar da alamu na hannu na abubuwan da ba sa jira, ciwo ya ƙaru, jini, jiri, yaro ya daina motsi, yunƙura, tsaya. Magani kuma a zana mata rana da wata da yawan ƙwayar a jikin takardar. Ki tanadi mutum na biyu a gida da ya iya maganarta ko da naƙuda ta zo ba kya kusa, da lambar mai mota ko mai Keke Napep da za a kira cikin dare.

Akwai wani abu da ma'aikata da yawa ba su sani ba. Maganar hannu da kurame ke yi a gida da kasuwa a ƙasar Hausa daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, ita ta makaranta tushenta daga Amurka yake. Sai a ɗauko tafinta mai takarda a kawo shi gaban matar da ba ta taɓa shiga aji ba, su yi ta kallon juna. Don haka in ƙaramar hukuma za ta yi abin kirki, ba sai ta jira ɗauko ƙwararre daga Abuja ba, ta nemi irinku da kuka tashi da kurame a gida, a ba ku ɗan horo kan sirrin majinyaci da kalmomin asibiti, a sa ku ranar awo da ɗan alawus. Dokar 2018 ta yi maganar samar da hanyar sadarwa ta musamman a asibitoci, saboda haka ba alfarma kike roƙo ba.

TAMBAYA: Gaisuwa Malam. Ni dattijo ne makaho, na daɗe cikin fadawan Sarkin Makafin garinmu. Yaranmu da sunka yi boko sun kafa ƙungiya suna ce muna bara haramun ce ga doka, wai mu ne ke zubar musu da mutunci, hukuma kuma su take kira taro yanzu ba mu ba. Jikana ya rubuta min wanga saƙo. A gaya muna gaskiya.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Gaskiyar ita ce dokar ta hana a yi amfani da mai naƙasa wajen bara, ko a riƙa yawo da shi ana neman sadaka, ko a fake da naƙasa a yi bara a bainar jama'a, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata 6 ko duka. Toh yaran ba su yi ƙarya ba. Amma ita wannan dokar dai ita ce ta ce a ba mai naƙasa ilimi kyauta har sakandare, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gare ku. Ni a ganina hukumar da ba ta cika nata ba, ba ta da bakin fara kamen mabarata, kuma mutumin da ya shekara sittin ba a koya masa komai ba, ba za a ce masa yau ya daina fita ba tare da an ce ga abin da zai ci ba.

Su kuma yaran, kuskure ne babba su ture ku. Sarkin Makafi ya san kowane makaho a ƙasarsa, ya san wanda ya rasu da wanda ya zo baƙo da wanda ke kwance ba lafiya, shi ke sasanta aure da rikici, ba ƙungiyar da ke da wannan a kwamfuta. Ku ma kuma Baba kuna buƙatarsu, su suka iya rubuta takardar da ofis ke karantawa. A ba sarauta kujera a kwamitin, a ba ƙungiya kujera. Kuma in kun zauna, ni da za a bi tawa, maganar farko ta zama ta 'yan jagora, waɗannan yara ƙanana masu riƙe sanda daga safe har dare da ba sa zuwa boko ba sa zuwa allo, jikan nan da ya rubuto saƙon ya iya rubutu ne don wani ya bar shi ya je aji. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin shi ya ja ragamar garin in zai yi tafiya, wannan ya ishi kowane ɓangare hujjar cewa a majalisa ake sa makaho ba bakin ƙofa ba. In a Zamfara kuke, akwai Hukumar Zakka da Wakafi, tsofaffi irinku da ba sa iya sana'a ta nan ya kamata kwamiti ya tura sunayensu.

TAMBAYA: An hana ƙanina rumfa a kasuwa wai don ya taɓa kuturta, alhali ya sha magani ya warke tun tuni, yatsu ne dai sunka tafi.

AMSA: Zalunci ne da rashin sani. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, maganinta kyauta ne, ana sha wata 6 ko 12, kuma da an fara shan sa mutum ya daina yaɗa ta. Yatsun da suka tafi tabo ne ba cuta ba. Ya karɓo takardar shaidar kammala magani wurin jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, ku kai wa Sarkin Kasuwa tare da mai unguwa. In an ƙi, ku rubuta wa ciyaman tunda kasuwa tasa ce, ku ambaci cewa dokar 2018 ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani ko hukuma kuma naira miliyan 1.

TAMBAYA: Malam ka yi haƙuri amma mu nan 'yan bindiga sun hana mu noma, mutane na kwana a makarantu da tasha, kai kana maganar gangara da masai. Wanga ba lokacinta ba ne. Daga wani magidanci a jihar Zamfara.

AMSA: Na ji zafinka ɗan'uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa gudu cikin dare, wa ake bari a baya? Gurgu da tsohuwa makauniya, da kurman da bai ji harbin ba sai da ya ga mutane na gudu. A wurin rabon abinci na 'yan gudun hijira kuma mai ƙarfi ke samu, wanda ke rarrafe ba ya kai wa layi. Sannan rikicin kansa kullum ƙara yawansu yake, mutum nawa aka yanke wa ƙafa ko hannu bayan harbi? Ga yaran Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta taɓa a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma kafin a gano ta yaɗu har Bagega, cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bar wa lalurar ƙwaƙwalwa da ta gani, yanzu sun zama samari da 'yanmata kuma iyayensu ne kaɗai ke ɗauke da su.

A irin yankinku aikin kwamitin ba gangara ba ne a farko, na yarda. Aikinsa ya san gida nawa ne ke da wanda ba ya iya gudu kuma wane maƙwabci ne zai ɗauke shi, ya tsaya a ware layi daban ranar rabo ko a kai musu har inda suke kwana, dokar ma ta ce a fara da su a layi, a kuma kare su lokacin bala'i. In akwai kwamitin agajin gaggawa a ƙaramar hukumarku ku nemi a sa mutum ɗaya mai lalura a ciki, in babu ku kai sunayen wurin hakimi da limamin Juma'a, tunda ta hannunsu mafi yawan kayan agajin ke bi.